An aike ka Lome sayen hannun waldar agon: wanne za ka ɗauka, kuma ko dole sai da kula?

Wannan shi ne abin da muka tattauna a shirinmu na wannan mako. Mun sa shi a takarda saboda waɗanda rediyo bai kama musu ba, da kuma waɗanda suka bugo suka ce lambobin da muka ambata sun yi yawa, ba su riƙe ba. Ku gafarce ni in kun ji ina cewa "kai", da mutum ɗaya nake magana, wanda aka damƙa wa kuɗin wani aka ce ya sayo abin da bai taɓa riƙewa ba.

Asalin maganar saƙo ne daga wani mai saurarenmu, ɗan kasuwa da ke kai kaya tsakanin Lome da Maraɗi. Ƙanensa mai walda ne. Ya tara kuɗi ya ba shi, ya ce in ya sauka Lome ya sayo masa hannun injin agon da kula. Bawan Allah ya shiga shago, aka jera masa uku, ya ɗauki mafi girma, don a ganinsa babba ai shi ne mai ƙarfi. Bayan kwana da kwanaki a hanya ya isa gida, sai bakin wayar ya ƙi shiga injin. Aka yi dabara aka haɗa. Yaron shago ya fara gwaji bai kunna kular ba, kafin a gama ɗinkin farko waya ta yi hayaƙi ta narke. Yanzu wa da ƙane ba sa ga maciji, shi kuma yana tambayarmu: laifin wa?

Za mu zo kan amsar. Amma ka fara tuna irin hanyar da kayan nan ke bi. Daga Lome zuwa Sinkase kaɗai ya haura kilomita 600, ka ratsa Atakpame, Sokode, Kara da Dapaong. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar da rufe iyakarta da Benin, kaya masu yawa ta Burkina Faso suke bi, a jira ayari, a jira rakiyar soja. Abin da ka saya ba daidai ba, babu zancen "bari in koma in canza". Sai wata tafiyar, in ma mai shagon ya yarda ya karɓa.

Asigame, wato babbar kasuwa a harshen mutanen garin, an fi saninta da atamfa da matan nan da ake kira Nana Benz, kuma har yau ana tuna gobarar da ta cinye babban gininta a Janairun 2013. Amma a titunan da ke kewaye da ita akwai shagunan kayan gini da na ƙarafa, nan ne akasarin baƙi ke fara tambaya. Iyayenmu da ƙafa suke zuwa wajen daga tsohon Zongo, kafin a tashe shi a 1977 a mai da mutane Togblekope, arewa da gari. Yau daga Zongo sai ka hau mota ko babur. Maigidanka na Zongo zai kalli sa sau ɗaya ya faɗa maka kuɗinsa, zai sama maka masauki da mai canji, amma kada ka ɗora masa nauyin sanin wannan kaya, ba layinsa ba ne. Ka kuma kula da bakinka: a Faransanci sunan hannun waldar da na tocila ɗaya ne, torsh. In ba ka ƙara da cewa na TIG ba, ana iya miƙo maka fitilar hannu da batir biyu. Ita ma kular da muke nufi ba ta zuba shinkafar biki ba ce, akwati ne mai famfo da fanka da ke sanyaya ruwa.

To mece ce waldar agon, wadda takardun kamfani ke rubutawa TIG? Waldar da ka saba gani a bakin titi, sandar ce ke narkewa tana cika wurin, ga tartsatsi ga hayaƙi. A ta agon ba haka ba ne. A bakin hannun akwai wata allura ta ƙarfen tangistan, wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 3,400. Wuta na tashi daga bakin allurar ta narkar da ƙarfen da ake ɗinkewa, mai walda kuma yana tura sandar ciko da ɗaya hannun, sannu sannu, kamar mai ɗinkin hula. Gas ɗin agon yana fitowa ta kewayen allurar ya kore iska daga wurin, don kada narkakken ƙarfen ya ƙone ya yi baƙi. A Amurka aka fito da dabarar a farkon shekarun 1940, wani mai suna Russell Meredith a kamfanin jiragen sama na Northrop, saboda ƙarafa marasa nauyi na jikin jirgi.

Makiyayi zai ce, ni ina ruwana da jirgin sama? Ruwanka na nan a bidon ɗin madararka. Bidon na alminiyom ko na farin ƙarfe mara tsatsa, wanda a nan ake ce wa inoks, a Najeriya kuma sitenles, in ya tsage a gindi ko kunnensa ya cire, wannan waldar ce ke gyara shi ya koma lafiya ba tare da ramukan da madara za ta maƙale ba. Haka tukwanen masu wagashi na inoks, haka tankin mai na alminiyom da lagireto na manyan motoci. Shi ya sa masu walda a garuruwan kan iyaka ke rububin injin, shi ya sa kuma ake ta aiken ku sayen kayansa.

Yanzu ga inda hannu ya rabu gida biyu. Duk wutar da ke narkar da ƙarfe ta cikin hannun nan take bi, kuma mutum ne ke riƙe da shi da yatsunsa. Dole a sami abin da zai kwashe zafin. Wani hannun iskar waje da gas ɗin da ke ratsa shi ne kawai ke sanyaya shi, shi ba ya buƙatar kula. Wani kuma ruwa ne ke zagayawa a cikinsa, shi kuwa ba ya aiki ko na minti ɗaya sai da kula. Ka riƙe wannan ko da ka manta sauran.

Kowane hannu yana da lamba, galibi da haruffan WP ko SR a gabanta, kuma lambar ba girma take nunawa ba. Na iska guda uku ne za ka fi cin karo da su. Lamba 9 ɗan ƙarami ne, kamar alƙalami, yana ɗaukar wajen amfiya 125. Lamba 17 yana ɗaukar wajen 150, shi ne ruwan dare. Lamba 26 yana kai wa 200, amma ƙato ne, wayarsa mai kauri da tauri. Na ruwa kuma biyu ne: lamba 20 da lamba 18. Abin mamakin, lamba 20 girmansa ɗaya da ɗan ƙaramin lamba 9, amma yana ɗaukar amfiya 250, ya fi ƙaton 26 ƙarfi nesa ba kusa ba. Lamba 18 kuwa har 350. Ka ga ke nan wanda ya auna da ido ya faɗi tun a nan. Kamfanoni na ɗan bambanta a waɗannan alƙaluma, wasu na rubuta ƙasa da haka, don haka ka sa a karanta maka abin da ke jikin kwali.

Akwai kuma sharaɗi biyu da mai shago ba lallai ya faɗa maka ba. Na farko, alƙaluman nan na wutar DC ne, wadda ake waldar inoks da baƙin ƙarfe da ita. Alminiyom kuwa sai da wutar AC. Dalili shi ne, shi kansa alminiyom yana narkewa a digiri 660, amma yana da wata ɓawo a samansa da ba ta narkewa sai an haura 2,000, kuma kai-komon wutar AC ne ke fasa ta. Wannan kai-komon yana mai da zafi mai yawa cikin hannun, sai ƙarfinsa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Lamba 17 da ke ɗaukar 150 a inoks, a alminiyom kada ka sa ran fiye da 115 zuwa 125. Kuma tun da mun zo nan, in injin ƙanenka DC kaɗai yake bayarwa, kamar yawancin masu araha, ko wane hannu ka kai masa ba zai ɗinke bidon na alminiyom da kyau ba. Ka tambaye shi kafin ka bar gida.

Sharaɗi na biyu shi ne hutu. A jikin kwalin hannun iska za ka ga an rubuta 60%, wani ma 35%. Ma'anarsa, a cikin kowane minti 10, in ana aiki a cikakken ƙarfinsa, minti 6 zai yi ya huta 4. Kamar jaki ne da kaya: zai kai ka, amma sai kana sauke masa. Hannun ruwa kuwa 100% ake rubuta masa, daga safe har azahar in dai ruwa na gudu.

To amfiya nawa aikin ke ci? Masu sana'ar suna da ƙiyasi mai sauƙi: alminiyom yana son wajen amfiya 40 ga kowace milimita ɗaya ta kauri, inoks kuma ƙasa da haka, wajen 25 zuwa 30. Bidon ɗin madara na alminiyom mai kaurin milimita 2, amfiya 80 ke nan. Tukunyar inoks mai milimita ɗaya da rabi, 40 zuwa 50 sun isa. Farantin alminiyom mai milimita 3, wajen 120. In ya kai milimita 5, an shiga 200. Kuma gyaran bidon ɗinki ne na ɗan yatsa ɗaya ko biyu, minti kaɗan an gama, hannu ya huce kafin a ɗauko na gaba.

A nan zan faɗi ra'ayina, wanda ya ƙi ya bugo mana. Mai waldar da akasarin aikinsa bidon ne, da tukwane, da tebur ɗin masu nama, da ƙarafan baranda na inoks, lamba 17 ya ishe shi, kuma kuɗin kula gara ya sa su a tukunyar agon ta biyu. Sayen kula a irin wannan shago ado ne kawai, ado mai cin wuta da neman kulawa. Wanda shagonsa ke bakin tashar manyan motoci, kullum tanki da lagireto da kan inji na alminiyom, yana aiki sama da amfiya 150 na tsawon lokaci, shi ne mai buƙatar hannun ruwa, kuma lamba 20 nake ba shi shawara. Injunan da ke aiki da wutar gida ta 220 akasari a amfiya 200 suke tsayawa, don haka lamba 18 ya yi musu yawa, sai ga mai babban inji na layi uku. Lamba 26 fa? Shi ne na mutumin tsakiya, wanda jefi-jefi aiki mai kauri ke zo masa, ko wanda ke ɗaukar inji a bayan babur ya bi rugage da kasuwannin ƙauye da ɗan janareta. Yana gajiyar da wuyan hannu, gaskiya ne, amma ba ya neman ruwa, ba ya yoyo, babu famfon da zai mutu a daji.

Mu koma kan wayar da ta ƙone. Hannun ruwa igiya uku ke fita daga gindinsa. Ɗaya ta gas. Ɗaya ta ruwan sanyi mai shiga, galibi shuɗiya. Ta uku, galibi ja, ita ce ta ruwan da ke komawa, kuma a cikin wannan tiyon ne aka zura wayar wutar kanta. Siririya ce ƙwarai, ba ta kai rabin ta lamba 26 ba, shi ya sa hannun ke da sauƙin juyawa. Siririyar waya ba ta iya ɗaukar amfiya 200 ita kaɗai, ruwan da ke wanke ta ne ke hana ta ƙonewa. Ruwa ya tsaya, cikin daƙiƙoƙi tiyo ya narke. Ba jabu ba ne, haka aka ƙera shi. Ka kuma lura da tsarin: ruwan sanyi ya fara isa kan hannun, sannan ya dawo ta kan wayar. Kada a juya su.

Ita kular abu huɗu ne a cikinta: tankin ruwa, famfo, ɗan lagireto da fanka. A cikinsu famfo ne sarki. Hanyoyin ruwa a cikin kan hannun ƙanana ne kamar kafar allurar ɗinkin buhu, sai famfo mai matsi ke iya tura ruwa ta ciki. Abin da ake nema wajen lita ɗaya a minti ɗaya, da matsin da ya kai bar 3 zuwa 3 da rabi. In ya gaza ruwa ba ya isa, in ya zarce sosai tiyo na iya fashewa. Ƙarfin sanyayawar kuma da kilowat ake rubuta shi, mai kilowat ɗaya ko kusa da haka ya wadaci lamba 20 a kan injin amfiya 200. In akwai biyu a gabanka, ɗaya tana da ƙararrawa ko fitilar da ke nuna ruwa ya tsaya, ɗaya ba ta da ita, ɗauki mai ƙararrawar ko da ta fi tsada. Bambancin kuɗin bai kai na sabon hannu ba. In kuma babu, a haɗa kula da inji a kan makunni ɗaya, yadda ba za a iya tada wannan a bar wancan ba. Da an yi haka a Maraɗi, da yau ba mu da labarin bayarwa.

Sai batun kayan kwance da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Lome. Akwai na ƙwarai a ciki, ban hana ka ba. Amma ka juya bayan akwatin ka duba ɗan farantin da aka rubuta wuta. Wutar Togo da Nijar da Najeriya da Gana duk 220 zuwa 230 ce. Kular da aka yi wa kasuwar Amurka sau da yawa ta 115 ce, ka soka ta a bango kai tsaye ta ƙone nan take, sai da taransifoma. Wasu na Turai kuma ba su da filogin bango sam, daga jikin injin kamfaninsu suke shan wuta, wasu ma 400, ba sa aiki da injin kowa. Irin wannan ko kyauta aka ba ka, kaya ne kawai za ka biya wa kuɗin mota da na duwan. Araha ba ta ado.

Ruwan da za a zuba, nan ne mutanenmu suka fi yin ganganci, don ana ganin ruwa ai ruwa ne. Ruwan rijiyar unguwannin Lome da ke kusa da teku yana da gishiri-gishiri. Na wasu rijiyoyin arewa yana da kanwa da farar ƙasa, dubi cikin butar shayin da ta daɗe ka ga abin da yake bari. Wannan dattin ne zai toshe ƙananan hanyoyin da muka ambata, ruwa ya riƙa raguwa ba a sani ba har ranar da waya za ta ƙone. Ban da haka, ruwa mai gishiri yana ɗaukar wuta, ya riƙa sace tartsatsin da ke kunna allurar, inji ya riƙa wahalar tashi. Abin da ake so tataccen ruwa ne, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, ko ruwan da kamfani ya haɗa musamman don kular TIG. Amma don Allah a lura: masu batir ruwa iri biyu suke sayarwa, tatacce da mai asid, kuma dukansu "ruwan batir" ake ce musu a baki. Mai asid zai cinye famfo da hannu gaba ɗaya. Ruwan lagireton mota mai launin kore ko ja shi ma a bar shi, wasu ana sa musu maganin toshe yoyo, shi kuwa bai san bambancin yoyo da hanyar ruwa ba. A zubar a sake sabo aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da zarar ya fara kore.

Ka kuma sani kula ba firji ba ce. Fanka ce ke hura iskar waje a kan lagireto, don haka ruwan ba zai taɓa fin iskar shagon sanyi ba. A Lome, inda zafi ke yawo wajen digiri 30 da 'yan kai, ƙaramar kula na iya wadatarwa. A Maraɗi ko Yamai a watan Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura 40, wannan kular dai za ta riƙa nishi. In arewa za ta, ɗauki mai tanki babba, a ajiye ta a inuwa, kada a manna bayanta da bango. Lokacin hunturu kuma ƙura na like lagireton, a riƙa hure shi da iskar kwamfaresa. A bakin teku tsatsa ce abokiyar gaba, a arewa ƙura.

Wani ya bugo ya ce shi bokiti ya ajiye da ɗan famfon kular ɗaki, kuma yana aiki. Na ji, Allah ya ƙara basira. Sai dai irin wannan famfon ruwa mai yawa yake turawa ba matsi, a buɗaɗɗen tiyo za ka ga yana ambaliya, a saka masa hannun walda sai ya koma ɗigo. Wanda ya nace, ya cire tiyon dawowa ya tara a gorar lita ɗaya yana duban agogo. Ta cika a minti ɗaya, to. Ba ta cika ba, yana wasa da kuɗinsa.

Saura bakin da ya ƙi shiga. Wannan ba ilimi yake so ba, hoto yake so. Filogin wutar da ake murɗawa a gaban inji, wanda ake kira Dinse, iri biyu ne suka fi yawa: ƙarami mai lamba 10-25, kaurin sandarsa milimita 9, da babba mai lamba 35-50, milimita 13. Bakin gas wani na murɗi ne, wani na turawa ya kama. Filogin makunnin da ke kan hannun kuwa kowane kamfani da nasa, wani ƙafa 2, wani 5, wani 7. A kayan Amurka ma notin ruwa hagu ake ɗaure shi, na gas dama, don kada a haɗa su a juye, ka ga wanda bai sani ba sai ya yi ta murɗawa har ya cinye haƙoran. Ka sa mai waldar ya ɗauki hoton gaban injin da kyau, da farantin bayansa, ya turo maka ta WhatsApp. Mafi kyau ma ya ba ka tsohon hannun ka sa a jaka, ka ajiye shi a kan teburin mai shago ka ce irin bakin wannan. Tsawon waya kuma mita 4 ne ko 8. Mai aiki a kan tebur 4 ta ishe shi, mai zagaya tirela sai 8.

Kada ka baro shagon ba ka sayi ƙananan kayan da ke ƙarewa ba, don su ne ke tsayar da aiki a garin da babu su: kofunan tangaran na baki, da ɗan bututun jan ƙarfe mai damƙe allura, da murfin baya. Lamba 17 da 18 da 26 kayansu ɗaya ne. Lamba 9 da 20 nasu daban, ƙanana. To ka ga wani tarkon: wanda ya tashi daga 17 ya koma 20, duk tsofaffin kayansa ba za su shiga ba. Allurar kuwa launin gindinta ake dubawa. Kore ta alminiyom ce a tsofaffin injuna. Ja ta inoks da baƙin ƙarfe ce, amma tana da sinadarin da ba a son shaƙar ƙurarsa in ana wasa ta. Mai ruwan zinariya da shuɗiya suna yin duka biyun, su nake ganin sun fi dacewa da saƙo. Kauri milimita 1.6 da 2.4 su ne na yau da kullum. Gas kuma agon zalla, ba wanda aka gauraya don wata waldar ba, kuma ka tabbata akwai inda za a riƙa cika tukunyar kusa da garinku, in ba haka ba duk abin da ka sayo kayan kallo ne.

Direbobi, kalma ɗaya gare ku. Tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ko gazuwal, ko ya yi wata a bushe, tururin da ke ciki na iya tashi da mutum. Kada ku matsa wa mai walda ya taɓa shi don kuna sauri, sai an wanke an kore tururin sarai. Shi ma agon ya fi iska nauyi, ba shi da wari, yana taruwa a gindin tanki, wanda ya shiga ciki yana iya sumewa bai ji komai ba.

Kai kuma mai bidon, in an gama maka gyara kada ka tsaya kallon waje. Haska cikin da tocila, ta gaske wannan karon, ka shafa da yatsa. In inoks ne ka ji ciki ya yi ƙurji-ƙurji baƙi kamar ƙonannen sukari, ba a sa gas ta ciki ba lokacin ɗinkin. A nan madara za ta riƙa maƙalewa, wanki ba ya fitar da ita, ta safe ta tsinke kafin a kai ta wurin masu saye. Ka ce a gyara. Kuma kada ka yarda a like maka abin zuba madara da dalma, guba ce, ta fi cutar da yara.

To laifin wa? Mun juya maganar a ɗakin shiri, muka ga ba na mai shago ba ne, abin da aka nuna ya bayar. Ƙanen ya yi aike babu lamba babu hoto, wan ya zaɓa da ido, yaron shago kuma ba wanda ya gaya masa ja da shuɗin tiyon nan ba ado ba ne. Kan hannun bai lalace ba, tiyon wutar kaɗai ake sayarwa daban, ya fi sabon hannu sauƙi ƙwarai. Alhaji, in ka sake saukowa ka taho da wanda ya ƙone, a gwada maka sabon a kan kula a gabanka, ka ga ruwa na dawowa tanki da idonka, a rubuta maka rasit da lambar kayan saboda duwan. Sannan a tsiyaye ruwan kafin a ɗaure, kada ya jiƙa maka atamfar mutane a hanyar Sinkase.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu leƙa kasuwar shanu ta Adetikope. Masu tambaya a kan takardun rigakafin dabbobi, ku turo tun yanzu.